Kundi ya fito da asuba, hukunci ya fito da hantsi

Tun daga watan Yulin 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka daidaita a kan rana guda ta sakin sababbin kundaye, wato Juma'a. Kafin nan kowace ƙasa da ranarta, Amurka Talata, Birtaniya Litinin. Manyan kundayen mawaƙan Amurka sukan sauka ne da ƙarfe goma sha biyun daren New York, lokacin da ake haramar sallar asuba a Kano da Damagaram. To, kafin rana ta take tsaka an gama shari'ar kundin. Wasu sun ce bakandamiya ce, wasu sun ce mawaƙin ya ƙare, an jera waƙoƙin daga gwana zuwa ta baya, an ba da maki, an yi cacar baki, har an soma gajiya da zancen. Aikin da mutum ya shekara biyu ko uku yana kwana a situdiyo a kansa sai a yanke masa hukunci cikin lokacin da bai isa a saurare shi sau uku ba.

Wane nauyi ya kamata a ba irin wannan ra'ayi? Tambayar ta fi zafi a fage biyu. Na farko hip-hop, gambarar zamani da ta tsiro a unguwar Bronx ta New York a shekarun 1970. Na biyu indie, waƙoƙin da ke fitowa daga ƙananan kamfanoni ko daga hannun mawaƙan da ke cin gashin kansu, galibi da jita da ganguna. A waɗannan fagage ne masu sauraro suka fi ɗaukar kundi a matsayin aiki guda dunƙulalle da ake ji daga farko zuwa ƙarshe, kuma a nan ne bakin mai sharhi ya taɓa yin ƙarfin da zai ɗaga mawaƙi sama ko ya kai shi ƙasa. Wanda ya bi tarihin fagagen biyu zai ga cewa saurin hukunci ba shi kaɗai ba ne ke lalata shi. An yi hukuncin farko da ya tabbata gaskiya har yau, an kuma yi wanda masu shi suka dawo suna janyewa, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya cancanci a tsaya a kansa.

A fagen hip-hop na shekarun 1990 babu ma'aunin da ya kai na mujallar The Source daraja. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard, David Mays da Jon Shecter, suka fara ta a 1988 tana 'yar takarda, ta girma har ta zama alƙalin fagen. Makinta makirufo ne, daga ɗaya zuwa biyar, kuma biyar ɗin sai an tona. The Chronic na Dr. Dre, wanda ya sauya sautin gambara a ƙarshen 1992, huɗu da rabi ya samu. Ready to Die na Notorious B.I.G. shi ma huɗu da rabi. Kundin farko na Jay-Z, Reasonable Doubt, huɗu aka ba shi. Sai ga wani yaro ɗan shekara 20 daga rukunin gidajen gwamnati na Queensbridge ya kwashe biyar cif a 1994.

Sunan yaron Nas, sunan kundin Illmatic. Waƙoƙi goma ne kacal, duka ba su cika minti arba'in ba, kuma baƙon mawaƙi guda ne a ciki, AZ. Manyan masu haɗa kiɗa na New York ne suka yi masa aiki, DJ Premier da Pete Rock da Q-Tip da Large Professor, kowa ya tono gutsattsarin tsofaffin faya-fayan jazz da soul ya ɗora a kan ganga mai nauyi. Kundin yana buɗewa da ƙarar jirgin ƙasa a kan dogo, sannan muryar yaron ta shigo tana zana unguwarsu ɗaki-ɗaki, da wanda ke kurkuku ana rubuta masa wasiƙa, da wanda aka harbe, da wanda ke tsaye a bakin titi yana kallon motar 'yan sanda. A ƙarshen waƙa ta uku mahaifinsa, makaɗin jazz Olu Dara, yana busa ƙaho a hankali har sautin ya dushe. Waɗanda suka ba shi makirufo biyar ba ranar da ya fito suka fara jin sa ba. Kaset ɗin ya kai hannun Shecter watanni kafin a sake shi, an yi ta juya shi a ofis ana muhawara. Kuma mutane ne da suka san Rakim da Kool G Rap ciki da waje, saboda haka sun san daidai inda yaron ya gaji magabata da inda ya wuce su. Kasuwa ba ta bi su nan take ba. Kundin ya tsaya a mataki na 12 a jadawalin Billboard, ya kusa shekara biyu kafin ya sayar da kwafi dubu 500, bai cika miliyan ba sai 2001. Yau babu mai jayayya a kan wanda ya yi daidai tsakanin mujallar da kasuwa.

Abin da ya karya The Source ba kuskuren kunne ba ne. Tun a 1994 ɗin manyan editocinta, har da Shecter, suka ajiye aiki bayan an cusa wani rubutu na yabon ƙungiyar Raymond Scott, wanda aka fi sani da Benzino, aminin Mays, ba da saninsu ba. A 1999 wata ƙungiyar tasa, Made Men, ta samu makirufo huɗu da rabi, daidai da The Chronic. Daga ranar da mai karatu ya fara zargin cewa ana rabon makirufo ta ƙofar baya, darajarsa ta zube. A 2002 mujallar ta waiwaya ta ɗaga wasu tsofaffin kundaye zuwa biyar, ciki har da na Dre da na B.I.G. da na Jay-Z, amma amanar da ta tafi ba ta dawo ba.

A ɓangaren indie kuwa, sarautar ta faɗa hannun shafin intanet na Pitchfork, wanda Ryan Schreiber ya kafa a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990 kafin ya koma Chicago. Shi makinsa daga 0.0 ne zuwa 10.0, har da ɗigo, kamar sakamakon gwajin asibiti. Wata guda kawai, Satumbar 2004, ya isa ya nuna ƙarfin wannan lamba. A cikinsa wata ƙungiya daga Montreal ta Kanada, Arcade Fire, wadda kaɗan ne suka san da ita a wajen garinsu, ta fitar da kundinta na farko a ƙarƙashin Merge, ƙaramin kamfani a jihar North Carolina. Sun sa masa suna Funeral saboda rashe-rashen da aka yi a danginsu lokacin da suke aikin. Pitchfork ya ba shi 9.7. Cikin ɗan lokaci faya-fayan da kamfanin ya buga suka ƙare, aka koma ana neman ƙari, kuma a 2011 ƙungiyar ta ɗauki kyautar Grammy ta gwarzon kundin shekara da aikinta na uku, The Suburbs. A cikin watan nan dai na Satumba, Travis Morrison, jagoran ƙungiyar Dismemberment Plan da shafin ya sha yabawa a baya, ya fitar da kundinsa na kansa, Travistan. Aka ba shi 0.0. An ruwaito har da shagon faifai da ya ƙi ajiye kundin, kuma tafiyar mutumin shi kaɗai ba ta sake miƙewa ba.

Na daɗe ina tunanin wannan sifili. Kundin da aka ba 4 ko 5 an ce masa bai yi kyau ba, mai karatu yana iya cewa bari in ji da kunnena. Sifili kuwa kora ce daga fage, kuma yawancin waɗanda suka yi ta yaɗa labarinsa lambar kawai suka gani, ba su karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta ba, balle su saurari kundin. Haka 9.7 ɗin Arcade Fire: rubutun da ya zo da shi ya yi ƙoƙarin bayyana yadda baƙin ciki ya zama waƙar taron jama'a a bakin waɗannan matasa, amma lambar ce ta yi yawo. A nan cutar ta fara, lokacin da maki ya rabu da hujjarsa ya kama hanya shi kaɗai.

Shi kansa shafin ya amsa cewa lambobinsa ba wahayi ba ne. A watan Oktoban 2021 ya sake auna kundaye 19 da ya taɓa yi wa sharhi. Discovery na Daft Punk ya tashi daga 6.4 zuwa 10.0. Born to Die na Lana Del Rey daga 5.5 zuwa 7.8. Kundin Liz Phair na 2003, wanda aka ba sifili saboda ta bar salon indie ta nufi waƙar rediyo, ya koma 6.0, kuma wanda ya rubuta sharhin farkon ya riga ya fito fili ya ba ta haƙuri tun 2019. Wasu kuma aka rage musu, kamar kundin farko na ƙungiyar Interpol da ya sauko daga 9.5 zuwa 7.0.

Idan ka jera irin waɗannan kurakurai za ka ga yawancinsu uwarsu ɗaya. Mai sharhi ya zo da ma'aunin jiya ya ɗora wa abin da ya zo don ya sauya ma'aunin. A watan Agustan 1995, a bikin kyaututtukan The Source a New York, aka kira OutKast, samari biyu daga Atlanta, su karɓi kyautar sabuwar ƙungiya, sai zauren ya ɗauki ihun raini. A lokacin New York da Los Angeles ne ake ganin su ne fagen, Kudu kuwa ƙauye ce. André 3000 ya karɓi makirufo ya gaya musu cewa Kudu ma tana da abin faɗa. Shekara uku bayan haka mujallar ta ba kundinsu Aquemini makirufo biyar, kuma bayan shekara ashirin Atlanta ce ke juya akalar hip-hop baki ɗaya, da su Future da Young Thug da Migos, waɗanda su ma da suka fito aka ce ƙunƙuni kawai suke yi, ba a jin abin da suke faɗa.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne 808s & Heartbreak na Kanye West, wanda ya fito a Nuwambar 2008, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma bayan baikonsa ya watse. Mutumin da aka sani da kiɗa mai cika kunne da baiti mai alfahari sai ya zo da ganga ta na'ura mai sanyi, da fili mai faɗi tsakanin bugu da bugu, yana rera kaɗaici da muryar da aka bi ta cikin Auto-Tune har tana rawa kamar ta inji. Marubuta da dama sun yaba da taka-tsantsan, amma tsofaffin masoya gambara suka ce wannan ba tasu ba ce. Ko shekara ba a yi ba Jay-Z ya saki waƙa yana shelar mutuwar Auto-Tune. Amma tun a Fabrairun 2009 wani matashi daga Toronto, Drake, ya riga ya ɗauki kiɗan waƙar farko ta kundin ya hau kai, kuma shekaru goma da suka biyo baya sun cika da mawaƙan da ke rera damuwarsu a kan irin wannan ganga. Waɗanda suka ƙi kundin ba ƙarya suka yi ba da suka ce Kanye bai iya rera waƙa ba. Sun dai auna abin da bai zo yi ba. Kusan haka ta faru da Whole Lotta Red na Playboi Carti, wanda ya fito ranar Kirsimeti ta 2020. Masoyansa da suka shekara biyu suna jira su ne suka fara yi masa ruwan zagi a daren, amma kafin 2021 ta ƙare manyan jaridu sun sa shi cikin fitattun kundayen shekarar, yara masu tasowa kuma sun kwaikwayi ihunsa da kiɗansa mai tsage lasifika.

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya cewa to a daina sharhin sabon kundi mana, a jira zamani ya tace. Ban yarda da wannan ba. Mawaƙin da ke ƙaramin kamfani ba shi da shekara arba'in, ko wata shida ma ba lallai ba. Idan ba a yi maganar aikinsa a makonnin farko ba, wasu dubbai sun sauko a kansa sun binne shi. Da Pitchfork ya jira shekara goma kafin ya ce uffan a kan Funeral, wataƙila da ba a samu The Suburbs ba. Ban da haka, shi zamanin da ake cewa ya tace, da me yake tacewa? Da muhawarar da aka fara tun ranar farko. Ra'ayin farko, ko da ya kauce, shaida ce ta yadda abin ya bugi kunnen mutanen lokacinsa, kuma da ba a rubuta ƙin da aka yi wa 808s ba, da ba mu san girman tazarar da ya tsallaka ba. Sharaɗin kawai shi ne ra'ayin ya zo da hujjarsa, yadda wanda zai zo daga baya zai ga inda aka taka daidai da inda aka zame.

Wannan sharaɗi ne yanayin yau ya fi yi wa illa, ta hanyoyi da dama. A da kamfani yakan aika wa mujalla kundi makonni ko watanni kafin fitowarsa. Tsoron satar fasaha ya rage wannan, sannan a Disambar 2013 Beyoncé ta saki kundi da tsakar dare ba sanarwa, ya yi kasuwa ƙwarai, manyan mawaƙa suka ga ashe ba sa buƙatar 'yan jarida su share musu hanya. To Pimp a Butterfly na Kendrick Lamar, kundi mai kusan minti tamanin cike da jazz da funk da zancen launin fata da tarihin baƙaƙen Amurka, ya faɗo a Maris 2015 mako guda kafin ranar da aka sa. GNX nasa ya zo a Nuwambar 2024 ba wanda ya san da zuwansa. Marubuci da mai sauraro yanzu a minti ɗaya suke fara ji, kuma edita yana jiran rubutu kafin wasu su riga shi. The Life of Pablo na Kanye a 2016 ya ƙara dagula lissafin, domin bayan ya fito, bayan an yi sharhi an ba da maki, mai shi ya ci gaba da sauya kiɗa da baitoci a manhajar sauraro. Kundin da aka auna ba shi ne wanda mutane ke ji bayan wata biyu ba.

Sai kuma lissafin ciniki, wanda ya shigo ya zauna a kujerar ra'ayi. Ranar 11 ga Satumbar 2007 Kanye da 50 Cent suka saki kundaye rana ɗaya, aka mayar da abin dambe. Graduation na Kanye ya sayar da kwafi dubu 957 a makon farko, Curtis na 50 Cent dubu 691. Tun daga nan masoya suka koyi jifan juna da alƙaluma kamar su ne akantocin kamfani. Da sauraro ta intanet ta mamaye, Billboard ya fara lissafa ta a ƙarshen 2014, sauraro 1,500 a matsayin kundi guda, a 2018 kuma aka raba, 1,250 ga masu biyan kuɗi, 3,750 ga masu ji kyauta. A Spotify daƙiƙa talatin ta isa a ƙirga an ji waƙa. Sakamakon a bayyane yake: yawan waƙoƙi, yawan ƙirge. A 2018 Migos suka zo da waƙa 24 a Culture II, Drake ya zo da 25 a Scorpion. Irin wannan kundi ba a gina shi don a ji shi a zama ɗaya ba, an zuba ne kowa ya tsinci abin da ya yi masa, kuma yi masa sharhi irin na Illmatic wahalar da kai ne. A shekarar dai Pusha T ya fitar da Daytona mai waƙa bakwai cikin minti 21, Earl Sweatshirt ya fitar da Some Rap Songs da bai cika minti 25 ba. A ganina waɗannan biyun sun fi waɗancan biyun nauyi nesa ba kusa ba, amma idan alƙaluman mako ne hujja, ba su da bakin magana.

Kyaututtuka ma ba mafaka ba ne. A Janairun 2014 Grammy ta ba The Heist na Macklemore da Ryan Lewis kyautar kundin gambara, ta bar good kid, m.A.A.d city na Kendrick, har Macklemore da kansa ya aika masa saƙo cewa shi ya cancanta. Shekara huɗu bayan haka Kendrick ya karɓi kyautar Pulitzer ta kiɗa da DAMN., karo na farko da ta je hannun wanda ba makaɗin gargajiyar Turai ko na jazz ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoro. A 2020 Taylor Swift ta fitar da Folklore, wanda ta yi da mutanen indie, Aaron Dessner na The National da Justin Vernon na Bon Iver. Wata editar Pitchfork ta yaba masa ta ba shi 8.0. Wasu masoya suka ga takwas raini ne, suka baza adireshinta da lambar wayarta, aka yi ta kiranta da dare ana yi mata barazana. A 2024 mujallar Paste ta buga sharhin wani kundin mawaƙiyar ba sunan marubuci, ta kuma faɗi cewa don kare lafiyarsa ne. Marubucin da ya san abin da ke jiransa zai sassauta harshe ko da bai yi niyya ba, edita kuma zai tuna cewa yana son hira da tauraron nan gaba. Shi ya sa za ka buɗe shafin Metacritic, mai tattara makin jaridu, ka ga kusan kowane babban kundi ya ci jarrabawa. Yabon da kowa ke samu ba ya gaya wa mai sauraro komai, kuma mawaƙin da ya yi aikin kirki na gaske shi aka fi cuta, don an haɗa shi layi ɗaya da wanda ya yi aikin gaggawa.

Mutumin da ra'ayinsa ya fi yawo a wannan fage yanzu ba a jarida yake ba. Anthony Fantano ne, mai tashar The Needle Drop a YouTube, wanda ke tsayawa gaban kyamara ya yi minti goma ko fiye yana warware kundi kafin ya faɗi maki. Ana iya saɓa masa, kuma an sha yi: My Beautiful Dark Twisted Fantasy na Kanye da Pitchfork ya ba 10.0 a 2010, shi 6 ya ba shi, The Big Day na Chance the Rapper kuwa sifili. Har Drake ya taɓa aika masa saƙon gugar zana a 2022. Abin da nake yaba masa shi ne yana faɗin dalili, waƙa bayan waƙa, kuma yana ba ƙananan mawaƙa lokaci daidai da manya. Amma shi ma abin da ya sami Pitchfork ya same shi. Jama'a su tsallake bayanin su tafi ƙarshen bidiyo, su ɗauki lamba su fita da ita.

A daidai lokacin da ake wannan hayaniya a kan taurari goma ko ashirin, gidajen da ke sauraron sauran suna rufewa. The Village Voice ta New York, inda Robert Christgau ya fara gajerun sharhinsa na faya-fayai tun 1969, ta daina fitowa a takarda a 2017. An rufe MTV News a 2023, shekara guda bayan haka aka sauke rumbun rubuce-rubucensa daga intanet. Bandcamp, kasuwar da mawaƙa masu cin gashin kansu suka fi dogara da ita, an sayar da shi sau biyu cikin shekara biyu, aka sallami kusan rabin ma'aikata a 2023. Pitchfork, wanda kamfanin Condé Nast ya saya a 2015, an cusa shi ƙarƙashin mujallar GQ a Janairun 2024 tare da korar editoci. Drake ba zai ji wannan a jikinsa ba. Wanda zai ji shi ne irin billy woods, mai ƙaramin kamfanin Backwoodz a New York, wanda ya yi yarintarsa a Zimbabuwe, wanda baitocinsa ke cike da tarihin mulkin mallaka da sai an zauna an warware. Ya shekara kusan ashirin yana aiki kafin Aethiopes na 2022 da Maps na 2023 su kai shi kunnuwa masu yawa, kuma rubutun masu sharhi na cikin abin da ya kai shi. Madvillainy na MF DOOM da Madlib, wanda kamfanin Stones Throw ya fitar a 2004, ba shi da waƙar da rediyo za ta ɗauka, ta bakin marubuta da na masoya ya rayu.

Ko yabon ma ba ya cika ciki. Little Simz, 'yar Landan mai tushen Najeriya, ta fitar da Sometimes I Might Be Introvert a 2021 ta hannun kamfaninta na kanta. Masu sharhi suka yi masa kyakkyawar tarba, ya ci kyautar Mercury a 2022. A farkon shekarar an ba ta kyautar Brit ta sabuwar mawaƙiya, alhali wannan ne kundinta na huɗu, abin da ke nuna tsawon lokacin da manyan masana'antar suka ɗauka kafin su waiwayo ta. Watanni biyu bayan kyautar Brit ɗin ta soke rangadin Amurka, ta bayyana cewa daga aljihunta take biyan komai, kuma tafiyar za ta jefa ta cikin asara.

Mu ma abin ya shafe mu, don gambarar zamani ta daɗe da zama 'yar gida. ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, Morell daga Borno, DJ AB daga Kaduna, ga ƙungiyoyin Yamai irin su Kaidan Gaskiya da suka daɗe suna yi, ga shirin Zafafa Goma na tashar Arewa24 da ya shigar da su falon mutane. Kusan dukkansu masu cin gashin kansu ne a zahiri, su ke biyan situdiyo, su ke ɗora waƙa a Audiomack da YouTube. Amma idan ɗayansu ya saki aiki, abin da ke biyo baya galibi hoton wuta ne a Facebook da TikTok, ko zagi daga magoya bayan abokin hamayya, ko ƙirgen yawan waɗanda suka kalla. Da wuya ka ci karo da wanda ya zauna ya rubuta cewa waƙa ta huɗu amshinta ya fi baitocinta ƙarfi, ko kiɗan nan aro ne daga Legas bai zauna da nauyin kalmomin Hausa ba, ko habaicin da ke baiti na biyu ya fi zambon da ke na uku kaifi. Kuma kayan aikin muna da su. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, da turke da salo da zubi da tsari, an yi amfani da ita a kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kunnen da ya saba warware kirari da habaici ba baƙo ba ne a fagen gambara. The Source ta iya gyara makinta a 2002, Pitchfork ya gyara nasa a 2021, saboda akwai rubutun farko da za a koma a duba. Kundayen da mawaƙanmu suka fitar cikin shekaru goman nan, yawancinsu ko wannan rubutun na farko ba su samu ba.